Phineas Gage: Helman Da Sandar Ƙarfe Ta Huda Wa Kai

An haifi Phineas Gage a shekarar 1823 a Jihar New Hampshire ta ƙasar Amurka. Yana ɗan shekara 25 ya zama helma a kamfanin da ke shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ta Rutland zuwa Burlington, kuma shugabanninsa sun shaida cewa mutum ne mai natsuwa da sanin makamar aiki.

Ran 13 ga Satumba, 1848, suna fasa dutse kusa da garin Cavendish a Jihar Vermont. Gage yana danna albarushi cikin ramin da aka haƙa a jikin dutsen, sai ƙarfe ya gogi dutse, wuta ta tashi. Sandar da ke hannunsa, mai tsawon ƙafa 3 da inci 7, ta shiga ta ƙarƙashin kuncinsa na hagu, ta bi ta bayan idonsa, ta ɓullo ta tsakiyar kansa, ta faɗi nesa da shi kamar ƙafa 80. Jim kaɗan ya farfaɗo ya yi magana, aka ɗora shi a amalanken shanu zuwa masaukinsa.

Likita John Martyn Harlow ne ya yi jinyarsa. Raunin ya yi mugunya, ciwo ya tsananta har aka tanadi akwatin gawa, amma kwana bai ƙare ba. Kafin ƙarshen Nuwamba ya koma gidan iyayensa, ko da yake idon hagu ya mutu.

Jiki ya warke, hali ya sāke. Bisa rahoton da Harlow ya buga a 1868, Gage ya zama mai ashar, mai taurin kai, ba ya jure a hana shi abin da ransa ke so, kuma yakan ƙulla shiri yanzu ya watsar an jima. Kamfanin ya ƙi mayar masa da matsayinsa, abokansa kuwa suka ce wannan ba mutumin da suka sani ba ne. Dalili shi ne sandar ta lalata sashen gaba na ƙwaƙwalwa, watau wanda ke bayan goshi, kuma shi ne ke taimakon mutum wajen kame baki, danne fushi da tsara abin da zai yi gobe. Ga alama irin wannan ne ke faruwa idan saurayi ya faɗi a babur a hanyar Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa, ya baro asibiti garau a ido, sa'an nan ya soma zagin mahaifiyarsa. Wasu su ce iskoki ne, wasu su ce fitsara ce, alhali rauni ne a cikin kai.

Shekara da shekaru littattafan koyar da likitanci suna tsayawa a nan, har wasu marubuta suka ƙara gishiri, suka mai da shi mashayi ɗan iska. Ba su yi masa adalci ba. Malcolm Macmillan, wani masani daga Ostireliya wanda ya wallafa littafi a kansa a shekarar 2000, ya bi diddigin sauran rayuwarsa, ya nuna cewa babu shaidar yawancin waɗannan zantuka.

Bayan Gage ya ɗan yi zaman nuna kansa ga 'yan kallo a New York, sai ya kama aikin kula da dawaki na wata 18 a garin Hanover. A 1852 ya tafi ƙasar Chile, inda ya yi kusan shekara 7 yana tuƙa keken fasinja mai dawaki shida tsakanin Valparaiso da Santiago. Aiki ne na sammako: a ciyar da dawaki, a ɗaura su, a loda kaya, a karɓi kuɗi, a yi wa fasinja ladabi, sa'an nan a riƙe linzami na tsawon yini a kan hanya mai duwatsu. Mai ashar marar haƙuri ba zai daɗe a irin wannan aiki ba. Ra'ayin Macmillan shi ne wannan tsari na kullum, da zama cikin jama'a, su suka sake koya masa kame kai, kuma kusan haka masu jinyar raunin ƙwaƙwalwa ke yi a yau: aiki sananne, lokaci tsayayye, umarni ɗaya bayan ɗaya.

A 1859 lafiyarsa ta taɓu, ya koma San Francisco wurin mahaifiyarsa da ƙanwarsa. Mahaifiyar ta gaya wa Harlow cewa yana ƙaunar yara da dabbobi, yakan kuma zauna yana shirya wa 'ya'yan 'yan'uwansa labarai. Farfaɗiya ta kama shi a Fabrairu 1860, ya mutu ran 21 ga Mayu na wannan shekara, yana ɗan shekara 36.

Daga baya danginsa suka yarda aka tono ƙoƙon kansa aka kai wa Harlow, shi kuma ya ba Makarantar Likitanci ta Harvard tare da sandar. A 2009 aka gane wani tsohon hoto nasa: saurayi ne tsaf cikin kwat, idon hagu a rufe, yana riƙe da sandar da hannu biyu.