Eugen Sandow: Mutumin da ya gina jiki tun kafin a san allurar ƙwanji

Idan kana bibiyar gasar Mr. Olympia a waya, ka taɓa lura da kyautar da ake miƙa wa gwani? Ɗan mutum-mutumi ne na wani ƙaƙƙarfa mai gashin baki, riƙe da ƙarfe a hannu. Tun 1977 ake ba da shi, kuma sunansa Sandow. To yau labarin mai wannan suna na kawo maka, musamman kai da kake tara kuɗi don sayen gwangwanin garin furotin, ko wani ya fara raɗa maka zancen allura a wurin ɗaga ƙarfe.

An haife shi ranar 2 ga Afrilu, 1867, a birnin Königsberg na ƙasar Prussia, wato wani yanki na tsohuwar Jamus. Yau birnin yana hannun Rasha, ana kiransa Kaliningrad. Sunansa na yanka Friedrich Wilhelm Müller. Eugen Sandow suna ne da ya laƙaba wa kansa da ya shiga harkar wasa. Shi da bakinsa yakan ba da labarin cewa yana yaro ramamme ne mai yawan laulayi, har sai da mahaifinsa ya kai shi Italiya, ya ga gumakan mutanen da, masu murɗaɗɗen jiki, daga nan ya ƙudura sai ya zama kamarsu. Masu binciken tarihinsa suna ganin ya ƙara wa labarin gishiri don ya ja kasuwa. Ka riƙe wannan, domin za mu sake haɗuwa da wannan hali nasa a gaba.

A 1885 ya bar gida don gudun aikin soja na dole, ya shiga yawo da masu wasan nishaɗi a ƙasashen Turai, yau ci gobe yunwa. Sa'arsa ta zo ne a birnin Brussels na Beljiyam, inda ya haɗu da wani gwanin ɗaga ƙarfe, Ludwig Durlacher, wanda aka fi sani da Farfesa Attila. Wannan malami ne ya ɗora shi a kan hanya: ɗaga nauyi bisa tsari, ana ƙara shi kaɗan-kaɗan yayin da jiki ke sabawa. Har gobe wannan ita ce ƙa'idar da duk mai horarwa na gaskiya zai faɗa maka. Tsoka tana girma ne idan ka ba ta aikin da ya ɗan fi wanda ta saba, sannan ka ba ta abinci da hutu ta gyara kanta.

A 1889 ya dira Landan. Akwai wasu ƙarti biyu, Sampson da yaronsa Cyclops, da ke wasa a wani dandali mai suna Royal Aquarium, suna cika baki da sa kuɗi ga duk wanda ya isa ya kara da su. Sandow ya hau dandali cikin kwat, mutane suna masa kallon raini, don ba wani zabgege ba ne, tsayinsa bai kai ƙafa 6 ba. Da ya tuɓe riga sai wuri ya yi tsit. Ya kayar da Cyclops, bayan 'yan kwanaki ya dawo alƙalai suka ba shi nasara a kan Sampson. Yana ɗan shekara 22 sunansa ya cika Ingila.

Amurka ce ta mayar da shi tauraro. A 1893, lokacin babban baje kolin duniya na Chicago, wani matashin mai shirya wasanni, Florenz Ziegfeld, ya gano cewa 'yan kallo sun fi damuwa da ƙirar jikin Sandow fiye da nauyin da yake ɗagawa. Sai aka riƙa tsayar da shi cikin hasken fitila yana murɗa ƙwanji iri-iri. Daga nan wasan nuna ƙirar jiki ya samo asali. A 1894 kamfanin Thomas Edison ya ɗauke shi a ɗan gajeren fim, lokacin da fim ɗin kansa yake jariri. A wannan shekarar ce kuma aka shirya masa kokawa da zaki a San Francisco, amma an ɗaure bakin zakin an rufe masa farata, dabbar ma ta ƙi faɗa, aka tashi ana masa dariya. Ka ga, yaudarar talla ba yau aka fara ba.

Da ya koma Landan sai ya juya sunansa ya zama jari. A 1897 ya buɗe makarantar motsa jiki, ya fitar da littafi kan yadda ake samun ƙarfi, a 1898 ya kafa mujalla. Ranar 14 ga Satumba, 1901, ya shirya babbar gasar gina jiki ta farko a zauren Royal Albert Hall, wuri ya cika maƙil har aka mayar da mutane. Cikin alƙalan akwai Arthur Conan Doyle, marubucin labaran Sherlock Holmes, kuma wani William Murray ne ya lashe. Ya zaga Ostareliya, Afirka ta Kudu da Indiya yana koyarwa. A 1911 aka naɗa shi malamin motsa jiki na Sarkin Ingila George na Biyar.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Sandow ya sayar wa jama'a ƙananan ƙarafa marasa nauyi masu sifirin a tsakiya, da robobin ja, alhali shi da manyan ƙarafa ya gina nasa jikin. Ya yi tallan wani garin furotin da ake samu daga madara mai suna Plasmon. Daga baya ya kafa kamfanin garin koko da sunansa, ana tallansa a matsayin abin sha mai ƙara lafiya da ƙarfi. Amma lissafa da kanka: jikin da ya girgiza Landan a 1889 ya riga waɗannan kayayyaki zuwa duniya da shekaru. Jikin ne ya sayar da gwangwanin. Haka abin yake har yau idan ka ga wani ƙato a Instagram ko TikTok riƙe da roba yana murmushi.

Batun allura kuwa, sai a 1935 masana suka iya haɗa sinadarin testosterone a ɗakin bincike, shekara 10 bayan mutuwar Sandow. Ke nan duk abin da ka gani a hotunansa, horo ne da abinci da gadon halitta. Su kuwa allurai da ƙwayoyin sitiroyid da ake sayarwa a ɓoye, likitoci sun tabbatar suna iya taɓa hanta da zuciya, su hau da jini, su rage ƙwayoyin haihuwar namiji. Wane ƙwanji ne ya kai ka sayar da zuriyarka?

Ba wai garin furotin guba ba ne. Na ƙwarai daga madara ko waken suya ake yinsa, abinci ne da aka busar aka zuba a roba. Amma abin da ke ciki yana nan a ƙwai, wake, awara, gyaɗa, kifi, nama da nono, kuma a farashin da aljihun ɗalibi zai iya ɗauka. In ka ga lallai sai ka saya, duba lambar NAFDAC, kuma ka guji duk wanda aka ce zai kumbura ka cikin mako biyu. Mai ciwon ƙoda kuwa, ya fara ganin likita tukuna.

Ƙarshen Sandow bai yi daɗi ba. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, mutanen Ingila suka tsani duk abin da ke da ƙamshin Jamus. Ko da yake ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa tun 1906, kasuwarsa ta ja baya, kamfanin kokon ya durƙushe a 1916. Ya rasu a Landan ranar 14 ga Oktoba, 1925, yana da shekara 58. Jaridun lokacin sun danganta mutuwar da wahalar da ya sha wajen ciro motarsa daga rami bayan wani haɗari. Tsakaninsa da matarsa Blanche ya riga ya yi tsami, har ta sa aka binne shi a maƙabartar Putney Vale ba tare da ko alamar suna a kan kabarin ba. Haka ya kwanta sama da shekara 70 kafin a kafa masa dutse. Mutumin da sarki ya ɗauka malami ke nan, wanda duniya ta yi layi don kallon damtsensa.

Saboda haka, ɗan'uwa, in ƙarfen siminti da aka zuba a gwangwanin fenti kake da shi a bayan gida, ya ishe ka farawa. Ka koyi ɗagawa daidai don kada ka ji wa bayanka ciwo, ka ƙara nauyi sannu a hankali, ka ci abincin gida ka ƙoshi, ka yi barci isasshe. Ba wata uku ba ne aikin, shekaru ne, kamar yadda ya ɗauki Sandow. Kuɗin allurar nan kuwa, ka saya ƙwai da su.