Poul la Cour: malamin ƙauye da ya mayar da iska lantarki

An haifi Poul la Cour ranar 13 ga Afrilu 1846 kusa da garin Ebeltoft, a ƙasar Danmak. A 1872 ya zama mataimakin shugaban hukumar hasashen yanayi ta ƙasar, amma a 1878 ya koma ƙauyen Askov yana koyar da ƴaƴan manoma lissafi da kimiyya.

Danmak ba ta da arzikin kwal, iska kuwa ba a magana. A 1891, da tallafin gwamnati, ya kafa injin iska mai ba da lantarki a Askov. Da yake iska ba kullum take kaɗawa ba, sai ya riƙa raba ruwa da lantarkin yana tara hidrojin, wanda aka haska makarantar da shi daga 1895 zuwa 1902.

A lokacin, da yawa na ganin yawan fukafukai shi ne ƙarfin inji. La Cour ya gina bututun gwaji da ake hura iska a ciki, ya nuna cewa fukafukai kaɗan masu saurin juyawa sun fi dacewa da samar da lantarki.

Duk ɗan kabu-kabu ya san dalilin: ko ganye ba ya motsi, da ya ba babur wuta zai ji iska a fuska. Haka fiffike mai juyawa yake haɗuwa da iska biyu, wadda ke kaɗawa da wadda gudunsa ya haifar, kuma haɗinsu ne ke jan sa. Da wannan haɗin ne jirgin ruwa mai filafilai yake ratsa iska a karkace. Bakin fiffike ya fi gindinsa gudu, shi ya sa ake murɗa shi; a injunan yau masu fukafukai 3, bakin yakan ninka gudun iskar sau 6 zuwa 7.

Daga 1904 ya fara horar da samarin karkara aikin lantarki, domin su iya kafa injin da gyara shi da kansu. Ya rasu a Askov ranar 24 ga Afrilu 1908. Yau fiye da rabin lantarkin da Danmak ke samarwa daga iska yake.

Mutanen Cadawa, Agye da Gazawa, da suka ɗanɗana duhu lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a Agustan 2023, suna da iskar hunturu duk shekara. Abin da la Cour ya ƙara a kan iskar ƙasarsa shi ne awo da horar da ƴan gida.