Gregor Mendel: Firist Ɗin da Ya Gano Dokar Gado

Sau da yawa idan ciwo ya bi zuriya, mukan ji ana cewa la'ana ce ko sammu. Tarihin Gregor Mendel zai taimake mu mu dubi wannan al'amari da kyau.

An haifi Mendel a 1822 a wani ƙauye na daular Ostiriya, wanda yanzu yake cikin ƙasar Cek. Iyayensa manoma ne talakawa. Da kuɗin makaranta ya gagara, ƙanwarsa Theresia ta ba shi kuɗin da aka tanada domin aurenta. Daga baya shi ma ya ɗauki nauyin karatun 'ya'yanta maza uku.

A 1843 ya shiga gidan firistocin ƙungiyar Agustin a birnin Brno, aka naɗa shi firist a 1847. Ziyarar marasa lafiya takan girgiza shi har ya kwanta ciwo, saboda haka aka mai da shi koyarwa. Sau biyu yana zama jarrabawar malanta bai samu takarda ba.

A lambun gidan nan, daga 1856 zuwa 1863, ya shuka wani irin waken Turai wajen tushe 28,000, yana haɗa iri yana ƙirgawa. Da ya haɗa dogon iri da gajere, dukan 'ya'yan suka fito dogaye. Amma a jikoki gajeren ya sake ɓullowa, kusan ɗaya cikin huɗu. Ya gane cewa kowane hali yana zuwa biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma ɗayan yana iya ɓuya ba tare da ya ɓace ba.

An buga aikinsa a 1866, masana ba su kula ba. Ya zama shugaban gidan a 1868, ya rasu da ciwon ƙoda a 1884. Sai a 1900 aka gane darajar bincikensa. A 1902 likita Archibald Garrod na Ingila ya nuna cewa wani ciwo mai mai da fitsari baƙi yana bin wannan doka. Daga nan aka fara nazarin yadda gado yake shafar sarrafa abinci a jiki. Yau an san cewa ƙiba da ciwon suga suna da hannun ƙwayoyin gado masu yawa, tare da irin abinci da motsa jiki.

Sikila kuwa tana bin lissafin Mendel sosai. Idan miji da mata duk AS ne, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zama SS, ko da iyayen lafiyarsu ƙalau. Shi ya sa muke roƙon masu shirin aure su yi gwajin jini tun kafin magana ta yi nisa. Iyalin da suke jinyar irin wannan ɗa kuma, kada mu zarge su. Mu ziyarce su, mu yi addu'a tare da su, mu taimaka da kuɗin asibiti.