Nana Asma'u 'Yar Shehu (1793–1864): Uwar Gida, Malama, Mai Hidima ga Al'umma

Gabatarwa

A tarihin ƙasar Hausa, da wuya a sami macen da ta haɗa riƙon gida da bautar Allah da hidimar jama'a kamar Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Muhimmancin rayuwarta ga ɗalibin da ke shirin zama malami shi ne, ta fuskanci matsalar da har yau ba ta gushe ba: yaya za a kai ilimi ga wanda ba shi da halin zuwa inda ilimin yake?

Haihuwarta da Tasowarta

An haifi Nana Asma'u a Ɗegel wajen shekarar 1793. 'Yar tagwaye ce, ɗan'uwanta kuwa shi ne Hassan. Maimakon sunan da aka saba raɗa wa tagwaye, sai mahaifinta ya sa mata sunan Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun Asma'u tana ƙarama, don haka sauran matan Shehu ne suka rene ta. Gidan da ta tashi gida ne da ake karantar da 'ya'ya mata kamar yadda ake karantar da maza. Ta haddace Alƙur'ani, ta yi karatun fiƙihu da tauhidi da tasawwufi, ta kuma naƙalci Larabci da Fulatanci da Hausa da Buzanci.

Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804. Shekarun da suka biyo baya na yaƙi ne da yunwa da ƙaura daga wuri zuwa wuri, har zuwa faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808. Ta ga zawarawa da marayu da idonta tun kafin ta mallaki hankalin kanta sosai, kuma wannan ya yi tasiri a kan aikin da ta sa gaba daga baya.

Aurenta da Iyalinta

Wajen shekarar 1807 aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama wazirinsa. Ta haifa masa 'ya'ya maza 6, na farin ya rasu yana jariri. Gidan Waziri a Sakkwato gida ne na baƙi da manzanni, kuma Giɗaɗo ne ya karɓi baƙuncin Baturen nan Clapperton a 1824. Ɗawainiyar irin wannan gida ba ƙarama ba ce, amma ba ta raba ta da alƙalami ba. Bayan rasuwar Shehu a 1817, ita da maigidanta sun yi aikin tattara rubuce-rubucensa da adana su. Daga zuriyarta ne waziran Sakkwato suka ci gaba da fitowa, ciki har da ɗanta Abdulƙadir da kuma Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997.

Rubuce-rubucenta

Ayyukanta da suka iso gare mu sun kai kimanin 60, mafi yawansu waƙoƙi ne. Na farko da aka sani shi ne Tanbihul Gafilina, wanda ta rubuta da Larabci a 1820. Abin lura shi ne yadda take zaɓar harshe gwargwadon mai sauraro: Larabci don malamai, Fulatanci don jama'ar gidansu, Hausa kuwa don talakawa masu yawa. Saboda haka ne ta mayar da waƙar mahaifinta zuwa Hausa, wadda aka sani da Tabbat Haƙiƙa. Ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani a waƙe don sauƙin hadda. Ta yi Godaben Gaskiya a kan gyaran hali, ta kuma yi waƙoƙin tarihin jihadi, har da na yaƙin Gawakuke na 1836.

A marsiyyoyinta ma akwai darasi. Ba manya kaɗai ta yi wa ba, irin su Sarkin Musulmi Bello da ya rasu a 1837. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima, ta kuma yi wa Zaharatu, wadda ke karɓar haihuwa da yi wa mata sutura. Halayen da take yabawa su ne haƙuri da kyauta da sulhunta mutane da sada zumunci.

Tsarin 'Yan Taru

Babban aikinta ya fara ne a ƙarshen shekarun 1830. A lokacin, karkarar Sakkwato cike take da matan da yaƙi ya tarwatsa, da yawansu ba su san farillan addini ba, kuma bori ne mafakarsu a lokacin ciwo da damuwa. Matan aure masu goyo ba za su iya barin gida su tafi neman ilimi ba. Sai ta zaɓi dattijan mata amintattu, ta naɗa kowace a matsayin jaji, ta ba ta malfa da jan rawani alamar shugabanci. Jaji kan taho daga ƙauyensu a ƙasa, tare da 'yan mata ƙanana da matan da suka manyanta. Sukan zauna a gaban Nana su haddace waƙoƙi, sa'annan su koma su koyar da waɗanda suka bari a gida. Waɗannan ɗalibai su ake kira 'yan taru.

Karatun bai tsaya ga alwala da salla ba. An hore su da duba marasa lafiya da kula da marayu da wanke mamata mata da share masallatai da sasanta rigingimu. Hikimar Nana ita ce, ba ta ƙirƙiro baƙon abu ba. Waƙa dai mata sun saba da ita a bakin turmi da wajen kaɗi, malfa kuma an san ta a kan Innar Gobir, shugabar bori. Sai ta ɗauki abin da aka sani, ta ɗora masa sabuwar ma'ana.

Rasuwarta

Ta rasu a 1864 tana da kimanin shekara 71, aka binne ta kusa da mahaifinta a Hubbaren Shehu. Aikin bai mutu da ita ba. Ƙanwarta Maryamu, wadda ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, ta kuma koma gida bayan rasuwarsa a 1846, ita ta ci gaba da jagorancin 'yan taru. A ƙarni na 20, Jean Boyd ta wallafa tarihinta a 1989, sa'annan ita da Beverly Mack suka fitar da tarin ayyukanta a 1997. A yau makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai mata da dama a Arewa suna ɗauke da sunanta.

Kammalawa

Rayuwar Nana Asma'u ta nuna cewa aure da reno ba su hana neman ilimi da bayar da shi. Ga malamin gobe kuwa, ta bar ƙa'idoji uku: ya yi wa ɗalibi magana da harshen da yake ji, ya faro daga abin da ɗalibin ya sani, ya kuma horar da wanda zai isar da karatu inda ƙafarsa ba za ta kai ba. Duk malamin da aka tura ƙauyen da 'ya'ya mata ba su zuwa aji, to, tambayar da Nana ta amsa ce ke jiran sa. Allah Ya jiƙan ta da rahama.