Taƙaitaccen Tarihin George Washington

An haifi George Washington a shekarar 1732 a Bajiniya, lokacin tana ƙarƙashin mulkin mallakar Ingila. Ya fara da aikin safiyo kafin ya shiga soja. A 1775 aka naɗa shi babban kwamandan yaƙin neman 'yancin kai, ya kuma karya lagon Turawan Ingila a Yorktown a 1781. Da ƙura ta lafa, sai ya ajiye muƙamin ya koma gonarsa, alhali sojoji na bayansa. Ya jagoranci taron rubuta tsarin mulki a 1787, ya zama shugaban Amurka na farko a 1789. Bayan wa'adi biyu ya sauka don kansa, magadansa suka daɗe suna bin wannan sawu. Ya rasu a 1799.