Theodore Roosevelt: Tsohon shugaban Amurka da ya gwada ƙarfin jam'iyya ta uku

Duk lokacin da wani ya fito takarar shugabancin Amurka ba tare da tutar Rifablikan ko Dimokurat ba, da mutum ɗaya masana ke auna shi, wato Theodore Roosevelt. Sama da shekara 100 ke nan babu ɗan takarar jam'iyya ta uku da ya kamo ƙafarsa.

An haife shi a birnin New York ranar 27 ga Oktoba, 1858, a gidan masu hali. Ya taso da cutar asma, amma ya dage da motsa jiki har ya zama ƙaƙƙarfa, sannan ya yi karatu a Jami'ar Harvard. Ranar 14 ga Fabrairu, 1884 mahaifiyarsa da matarsa suka rasu a gida ɗaya, abin da ya sa ya koma yankin Dakota ya kama kiwon shanu na ɗan lokaci.

Bayan dawowarsa ya shugabanci hukumar 'yan sandan New York, ya yi suna a yaƙin Amurka da Sifen na 1898, ya zama gwamnan jihar, daga nan mataimakin shugaban ƙasa. Da aka kashe Shugaba William McKinley a watan Satumba na 1901, sai ya hau mulki yana da shekara 42, mafi ƙuruciya a tarihin ƙasar. Ya gurfanar da manyan kamfanonin da suka yi kaka-gida a kasuwa, ya fara aikin mashigin ruwan Panama, kuma a 1906 ya samu kyautar zaman lafiya ta Nobel saboda sulhunta Rasha da Japan.

Shi da kansa ya ɗaga hannun William Taft ya gaje shi a zaɓen 1908, amma daga baya suka ɓata. A 1912 Roosevelt ya lashe mafi yawan zaɓukan fidda gwani, sai dai jiga-jigan Rifablikan suka miƙa wa Taft tuta a babban taron Chicago. Nan ya fice da magoya bayansa suka kafa jam'iyyar Progressive, wadda ta yi alƙawarin bai wa mata 'yancin jefa ƙuri'a, hana sa yara aikin ƙarfi da kuma taƙaita awannin aiki.

Ranar 14 ga Oktoba wani mutum ya harbe shi a ƙirji a birnin Milwaukee. Gidan tabaransa da takardun jawabin da ya ninke a aljihu suka rage wa harsashin ƙarfi. Bai yarda a kai shi asibiti ba sai da ya yi jawabi na fiye da awa ɗaya.

Ya zo na biyu da kashi 27 cikin 100 da wakilai 88 a kwalejin zaɓe, Taft mai ci ya tsira da 8 kacal. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: Woodrow Wilson na Dimokurat ya lashe zaɓen da kashi 42.

Waɗanda suka biyo baya ba su kai haka ba. George Wallace ya samu wakilai 46 a 1968. Attajiri Ross Perot ya samu kusan kashi 19 a 1992, amma ko wakili ɗaya bai samu ba, domin a kusan kowace jiha wanda ya zo na ɗaya ke kwashe wakilanta duka. Ralph Nader bai kai kashi 3 ba a 2000, duk da haka 'yan Dimokurat sun ɗora masa alhakin faɗuwar Al Gore a Florida, inda ratar ta kasance ƙuri'a 537.

Roosevelt ya ƙi karɓar takarar jam'iyyarsa a 1916, ita kuwa ta wargaje. Ya rasu ranar 6 ga Janairu, 1919 yana da shekara 60. A shekarar da ta biyo baya aka sanya 'yancin zaɓen mata a kundin tsarin mulkin Amurka.