JOHANN SEBASTIAN BACH: MARAYA MAI NEMAN MALAMI

A ƙasar Jamus akwai wani gari wanda a ke kira Eisenach. Bisa tudun da ke bayan garin akwai tsohon gidan sarauta inda Martin Luther ya ɓuya a shekara ta 1521, ya juya Sabon Alkawari cikin Jamusanci. A garin nan ne aka haifi Johann Sebastian Bach a watan Maris 1685. Shi ne auta cikin 'ya'ya takwas. Ubansa shi ne shugaban makaɗan gari, kiɗa kuwa gadon gidansu ne tun kakanni. Amma gado bai ishi mutum ba sai ya koya. Wannan labarin yadda yaron ya nemi malamai ne, da yadda shi kuma ya koya wa waɗansu.

A zamanin nan fiyano ba ta bazu ba tukuna, gama sai wajen 1700 wani mutumin Italiya mai suna Cristofori ya ƙago ta. Yara su kan koya a kan magabatanta biyu, kilabikod da hafsikod. Akwatuna ne masu tsarkiya a ciki, da jerin maɓallai a gaba waɗanda a ke dannawa da yatsu. Wanda ya ƙware sai ya hau ogan, watau babban abin kiɗan majami'a mai bututu da yawa, wanda a ke hura masa iska da zugazugi. Mai son ɗansa ya iya sai ya sa shi a hannun wani gwani, kamar yadda a kan ba maƙeri yaro.

A HANNUN WANSA

Uwarsa ta rasu a 1694, ubansa ya bi ta a Fabrairu 1695. Yaron bai cika shekara goma ba ya zama maraya. Sai wansa Johann Christoph, mai kaɗa ogan a garin Ohrdruf, ya ɗauke shi. Wan ya girme shi da shekara 14, ya kuwa yi koyo wurin wani sanannen gwani mai suna Pachelbel. Shi ne ya kafa wa ƙanensa tushen kaɗa maɓallai.

An ba da labari cewa wan yana da wani littafi na rubutaccen kiɗan manyan gwanaye, ya kulle shi cikin kabad, ya hana yaron. Ƙofar kabad ɗin kuwa mai raga ce. Da dare sai yaron ya zura ɗan hannunsa, ya naɗe littafin, ya zaro shi. Ba shi da fitila, sai ya riƙa kwafe shi da farin wata, har wata shida. Da ya gama, wan ya gane, ya ƙwace kwafin. Mai karatu ya riƙe wannan a zuci, gama za mu koma kansa.

TAFIYA NEMAN MALAMI

A Maris 1700, yana gab da cika shekara 15, ya kama hanya tare da wani abokinsa zuwa Lüneburg, tafiyar kusan mil 200. Can akwai makarantar da ta kan ba 'ya'yan matalauta masu murya abinci da wurin kwana da karatu, su kuwa su yi waƙa a sujada. A garin akwai wani mai kaɗa ogan, Georg Böhm. An daɗe ana gardama ko Böhm ya koya masa. A 2006 masu bincike suka nuna wata takarda da aka samu a ɗakin littattafai na Weimar, kiɗa ne da yaron ya kwafa da hannunsa a gidan Böhm a 1700. Daga Lüneburg kuma ya kan tafi Hamburg, mil 30, domin ya ji wani dattijo mai suna Reincken yana kaɗawa.

Yana da shekara 18 aka ba shi aikin ogan a majami'ar garin Arnstadt. Ko da ya ke ya sami aiki da albashi, bai ce ya gama koyo ba. A ƙarshen 1705 ya roƙi izinin mako huɗu, ya taka da ƙafa wajen mil 250 zuwa Lübeck domin ya ji Buxtehude, babban mai ogan na arewacin Jamus. Ya yi kusan wata huɗu kafin ya komo. Shugabannin ikilisiya suka tsauta masa saboda wannan. Suka kuma ce ƙawar da ya ke sawa cikin kiɗan waƙoƙin sujada ta yi yawa, har jama'a su kan rikice, su kasa bin waƙar.

Akwai wani laifi kuma da ba za mu ɓoye ba. A Arnstadt an sa shi ya bi da 'yan makaranta cikin kiɗa, waɗansunsu sun girme shi, shi kuwa ba shi da haƙuri da marar iyawa. Ya yi wa ɗayansu baƙar magana a kan busarsa. Saurayin ya tare shi da sanda da dare a dandalin kasuwa, Bach ya zare takobi, sai da aka raba su. Shugabannin suka faɗa masa dole ya koyi zama da waɗanda ba su cika ba. Ashe iya kiɗa dabam ne, iya koyarwa dabam.

YADDA YA KE KOYARWA

A 1707 ya auri Maria Barbara. A 1708 suka koma Weimar, almajirai suka fara zuwa gidansa. Ɗaya daga cikinsu, Kräuter, mutumin Augsburg, ya rubuta wa waɗanda suka biya masa kuɗin koyo a 1712. Ya ce da fari Bach ya nemi tala 100 a shekara, watau kuɗin azurfa na ƙasarsu, aka daidaita a kan 80, da abinci da koyarwa duka. Kowace rana yana samun sa'a shida ta koyarwa. Sauran lokacin ya kan gwada shi kaɗai, ya yi ta kwafe kiɗa, gama malamin ba ya hana shi ko wane littafi da ya roƙa. Ga yaron da aka ƙwace wa littafi ya girma, ya buɗe wa almajiransa kabad ɗinsa.

Bayan rasuwarsa 'ya'yansa sun bayyana wa Forkel, wanda ya buga tarihinsa a 1802, yadda ya ke koyarwa. Abu na fari shi ne taɓi. Almajiri zai tanƙwara yatsunsa bisa maɓallai, hannu ba ya tsalle, kowace murya ta fita sarai. Wata da watanni ba abin da zai yi sai horon yatsu duka goma, har da babban yatsa, wanda mutanen dā ba su cika aiki da shi ba. Bach ya fi so a yi wata shida ko shekara guda a kan wannan. Amma in ya ga haƙurin yaro ya kusa ƙarewa, sai ya zauna nan take ya rubuta masa ɗan gajeren kiɗa mai daɗi, ya ɓoye horon nan a ciki. Kafin ya ba almajiri sabon kiɗa kuma, ya kan kaɗa masa shi daga fari har ƙarshe, domin kunne ya riga yatsa sanin inda za a je.

A 22 ga Janairu 1720, a garin Köthen, ya buɗe sabon littafi domin ɗansa Wilhelm Friedemann mai shekara tara. Shafukan fari suna nuna sunayen muryoyi da alamun rubutun kiɗa. Sa'an nan ga ɗan kiɗa da lambobi a bisa, masu nuna yatsan da zai danna ko wane maɓalli. Daga cikin littafin nan ne aka sami gajerun kiɗa 15 masu murya biyu, inda hannun hagu ya ke amsa wa na dama kamar mutum biyu suna zance, da waɗansu 15 masu murya uku. A 1722 ya haɗa babban littafi mai kashi 24, wanda ya bi ta dukan matakan muryoyi. Ya rubuta su domin yaran gidansa, ga shi har yau da su a ke koyon fiyano.

Cikin shekarar nan ta 1720 Maria Barbara ta rasu yana wurin tafiya, ya komo ya tarar an riga an binne ta. A ƙarshen 1721 ya auri Anna Magdalena, mawaƙiya, ita ma ya yi mata littattafan koyo biyu. Allah ya ba shi 'ya'ya 20, goma suka rasu tun suna ƙanana.

A LEIPZIG

A 1723 aka naɗa shi shugaban mawaƙa a makarantar majami'ar Toma a Leipzig, ya yi shekara 27 a wurin. A 1724 wani saurayi mai suna Gerber ya zo garin karatun shari'a, amma zuciyarsa tana kan kiɗa. Wata shida yana jin kiɗan Bach, kwarjini ya hana shi zuwa ya roƙa. Daga baya ya faɗa wa wani abokinsa, abokin ya kai shi. Bach ya karɓe shi hannu biyu, ya riƙa kiransa ɗan ƙasarsu. Ya fara masa da masu murya biyun nan, sa'an nan masu wuya, sa'an nan babban littafin. Wani lokaci malamin ya kan ce yau ba ya jin koyarwa, ya zauna ya yi ta kaɗa masa. Haka ya kaɗa masa littafin nan duka har sau uku. Gerber ya ba ɗansa labari cewa ba shi da sa'o'in da suka fi waɗannan daɗi.

Wani almajiri, Ziegler, ya shaida cewa Bach ya koya masa kada ya kaɗa waƙar sujada da ka kawai, sai ya bi ma'anar kalmomin. Mai son koyon shirya kiɗa kuwa, ya kan sa shi ya ɗauki waƙoƙin ikilisiya ya jera musu muryoyi huɗu. Masu bincike sun ƙidaya sunayen almajiransa wajen 80.

Fiyano ta same shi da tsufa. Da aka fara nuna masa irin wadda Silbermann ya ƙera, ya yabi muryarta, amma ya ce maɓallanta sun yi nauyi, muryoyin sama kuma ba su da ƙarfi. Maƙerin ya ji haushi, amma ya gyara. A Mayu 1747 Bach ya kaɗa sababbin a fadar Sarki Frederick a Potsdam.

Daga baya idanunsa suka dushe. Wani mai aikin ido daga Ingila ya yi masa aiki sau biyu a 1750, abin bai yi ba, ya makance. Duk da haka a watan Mayu ya karɓi sabon almajiri a gidansa, mai suna Müthel. Ya rasu a 28 ga Yuli 1750, yana da shekara 65.

Ɗansa Carl Philipp Emanuel ya buga littafin koyon kaɗa maɓallai a 1753, littafin ya yi suna ƙwarai. Autansa cikin maza, Johann Christian, ya zauna a Landan, can ya ja Mozart a jiki sa'ad da Mozart ya ke yaro mai shekara takwas. Malamin Beethoven kuma da babban littafin nan mai kashi 24 ya hore shi.

ABIN KOYI

Bach yana da Littafi Mai Tsarki mai bayani, wanda ya sa wa hannu a 1733. Yana nan a ajiye a wata makarantar pastoci a St. Louis ta Amurka. A gefen 1 Tarihi sura 25 ya rubuta da hannunsa cewa surar nan ita ce tushen kiɗan sujada wanda Allah ya ke jin daɗinsa. Mai karatu ya buɗe ya duba. Zai ga mawaƙa 288 horarru, 'ya'ya a ƙarƙashin iyayensu, malami da almajiri kuma suna jefa kuri'a tare a kan hidimarsu.

Uban da ya ke nema wa ɗansa malamin kiɗa, kada ya tsaya ga sunan gwanin kaɗai. Ya tambaya ko ya kan fara da tushe, ko ya kan zauna ya kaɗa wa yaro ya ji, ko ya kan lura sa'ad da yaro ya gaji, ko ya kan ɓoye abin da ya sani. A daidaita kuɗi a fili tun da fari, gama ma'aikaci ya cancanci ladansa. Saurayi mai jin nauyi kamar Gerber ya tashi ya roƙa, matambayi ba ya ɓata. Wanda kuma ya iya kaɗawa a cikinmu, ya duba ko akwai wani maraya kusa da shi wanda ya ke leƙen kabad ɗinsa, ya buɗe masa.